Asusu Na Huɗu

"Asusu uku kamfanin riɗin nan yake da su," in ji tsohon ma'aji, "na Roni, na Gwiwa, na Babura."

Amma jerin da banki ya turo ya nuna huɗu. Matar da aka ɗauko ta shigar da su cikin sabuwar manhajar kuɗi ta ce shekara shida na huɗun yana lashe kuɗin manoma.

Manaja, wanda ya sayo manhajar don burga kawai, ya nuna ma'aji da yatsa. "Malam, da furfurarka!"

Ma'aji kuwa, shekara talatin keke ɗaya yake hawa.

"A dakata," in ji matar. "Manhaja ba ta karɓar asusu sai banki ya tura lambar sirri zuwa wayar mai riƙe da shi."

Manaja ya yi tari, ya dire manyan wayoyinsa biyu a tebur. "Kowa ya fito da tasa!"

Matar ta danna asusu na huɗu. Sai wata 'yar waya ta yi ƙara can ƙarƙashin babbar rigar manaja.

Ma'aji ya rusuna. "Ranka ya daɗe, karanto mana lambar."