Ƙwaya Ta Takwas

Tunda aka koma fara rainon ciki a kwalba, mata kan je asibiti su leƙa ɗansu yana rabuwa: ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu.

Yau Ramlatu ta zo ganin takwas. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, bakwai ne.

"Sista, ina ɗayar?"

"Maigidanki ya ce a cire wa yayarsa, tunda ba ta haihuwa. Naki zai cike, nata ma zai zama mutum."

"Ai sai an yaye yaro ake ba da riƙo," in ji Ramlatu.

A ɗaki na gaba ta hango Yaya Kubura, yayar mijin nata wadda ta rako ta da safe, tana leƙa tata kwalbar, tana kiran sunan da Ramlatu ta zaɓa.