Fayil Ɗin Irene

Karo na huɗu ke nan a mako guda Baba George yana hawa benen kamfanin karɓar bashi da ke Makera, yana hawa yana hutawa. Fayil ɗin marigayiya matarsa Irene yana hannunsu: kwana goma sha tara a gadon asibiti, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.

Asibitin ɗan ƙarami ne a Unguwar Boro. Da can idan mutum ya kasa biya, kuka kawai zai yi a gaban likita a ce ya tafi, sai Allah ya hore. Tausayin nan ya kusa rufe wurin, ma'aikata suka yi wata uku ba albashi. Da tura ta kai bango, mai asibitin ya sa aka kwashe fayilolin masu bashi kaf, ko buɗe su bai yi ba, ya sayar wa kamfani. Kuɗin kuwa tuni albashi da man janareta suka lashe su.

Kamfanin ba ya zagi, ba ya kai ƙara. Waya sau uku, daga nan sai wasiƙa zuwa cocin mutum, a karanta a gaban dattawa. Shekara ashirin Baba George yana cikin dattawan cocinsu, shi ke yi wa matasa faɗa a kan riƙon amana. Ga shi jibi Lahadi.

Jessica, sabuwar ma'aikaciyar da ke riƙe da fayil ɗin, ta miƙa masa lissafin. Ya bi shi layi-layi, ƙarin ruwa, allurai, jini leda biyu. Ko kwabo ba a ƙara ba, ya fi kowa sani.

"'Yata, ki dubi furfurar nan. Wata biyu kawai nake roƙo."

"Baba, Allah ya sani kun ba ni tausayi, amma ba ni da ta cewa. Mai asibitin ne ya kawo dabarar cocin nan da kansa." Ta juyo masa da takardar yarjejeniya, ta nuna inda aka ƙara da biro: Ko uwata ce, kada a ɗaga mata ƙafa. "Ku je ku roƙe shi, ko zai fanshi fayil ɗin da kuɗinsa."

"Ba shi da ko sisi," in ji Baba George. "Wawan tsoho ne, bai san gobe ba."

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya sauko, ya tari keke napep zuwa Unguwar Boro, har bakin asibitin. Ya ratsa layin marasa lafiya kansa a ƙasa, ya tsaya a ƙofar ofishin mai asibitin, ya daɗe a tsaye.

Sannan ya laluba aljihu, ya ciro makullinsa, ya buɗe, ya ɗauki farar rigarsa ta likita ya sa.