Wasan Mutum Uku

Takalmin ya matse Kuwabara tun daga tashar jirgin ƙasa, amma bai tsaya ba. Shagon wasannin da ya sani a unguwar Nipponbashi ya koma wurin sayar da waya, sai da ya zaga layin sau uku kafin ya ga sabon wurinsu a hawa na huɗu. Ya hau matakala yana haki, zuciyarsa na tafasa da maganar yayansa Daigo.

Yau Mama ta cika shekara sittin, kuma yau ɗin Daigo ya zaɓa. Da ƙarfe uku wasu ƙarti za su zo gidansu na Sakai, irin waɗanda ake kira su fito da wanda ya kulle kansa a ɗaki, su kai shi wani gidan horo a bayan gari. Shekara tara ke nan Itsuki, autan gidan, bai taka falo ba. Mama ke ajiye masa abinci a bakin ƙofa safe da yamma. Da kunnensa Kuwabara ya ji Daigo yana cewa, "Mama, bar yaudarar kanki. Wannan ba zai taɓa fitowa da ƙafarsa ba." Babu wanda ya nemi shawarar kowa.

Mai shagon, wata mace mai furfura da tabarau a goshi, ta rusuna masa. Ya buɗe baki, muryar ta ƙi fita, sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

"Wasan labari nake so, kyauta zan bayar. Irin wanda ake zama a teburi, mutum ɗaya na ba da labari, sauran kowa da jaruminsa, ana jefa dayis, 'yan ƙwayoyin nan masu lamba. A gidanmu akwai wanda ya shekara tara bai fito daga ɗaki ba."

Ta yi fuskar tausayi, wadda ta ƙara ƙona masa rai. Ta zaro wani siririn littafi.

"To ga daidai shi, yallaɓai. Mutum ɗaya ke yin sa, ba ya buƙatar kowa. Iyaye na yawan sayen sa."

"Mayar da shi."

"Ai don sauƙinsa na ce. Irin su ba sa son..."

"Irin su wa? Kin taɓa tambayar ɗaya daga cikinsu?" Kunnuwansa suka yi ja, amma bai sauke ido ba. "Ba ni wanda ba ya yiwuwa sai da mutum uku. Wanda in ɗaya ya tashi, wasan ya mutu."

Ta sauke tabarau kan hanci ta dube shi, tun daga gashin da ya ɗaure da roba har takalmin da fatarsa ta tsattsage. Ta ɗauko wani akwati mai nauyi: labarin matafiya uku da ke neman hanyar gida, babu dodo, babu yaƙi, sai girki da gardama a kan hanya.

"Wannan ko tsohuwa za ta iya," in ji ta.

"Na tsohuwar ne. Naɗe shi da jar takarda, yau take cika sittin."

Ta naɗe, ta ɗaura zaren ja da fari, ta ɗauki alƙalami don rubuta sunan mai bayarwa a ƙasan ƙullin, kamar yadda ake yi. Ta tambayi sunansa, ya faɗa mata.

"Kuwabara kawai zan sa?"

"Kowa a gidanmu Kuwabara ne. Kawo in rubuta da kaina."

Ya rubuta, rubutun ya karkace. Ta ce za ta sake masa takarda, ya ce a bar ta haka.

Uku saura kwata ya isa Sakai. Motar Daigo na ƙofar gida, wata farar mota kuma ta tsaya a bayanta, mutum biyu a ciki suna duba agogo. Ya wuce su bai ko kalle su ba. Akwai makulli a aljihunsa, amma ya danna ƙararrawa kamar baƙo, don yana so Daigo ya ga ta inda ya shigo.

Mama ce ta buɗe, riƙe da farantin abincin safe da ba a taɓa ba. Ta dubi akwatin, ta dubi fuskar da ke samansa, ta waiga ta dubi matakalar da ke hawa ɗakin autanta.

Farantin ya suɓuce daga hannunta. "Itsuki?"