Tabon da ke Tagar Sama

Kai ka ɓatar da ita, kai mai tabaran nan da ake ta tafa wa!

Wai ka tono tsohon fim ɗin mai binciken sirri da duk Los Angeles ta manta, ka wanke shi tas. Wa ya manta? Ni ban yi boko ba, amma kaset ɗina har ya gaji da juyawa.

A unguwarmu aka ɗauke shi, Bunker Hill, kafin a rushe ta. Daidai inda mai binciken, mai malafar nan, ke hawa matakala yana bin sawun matar wani attajiri, akwai wani fari-fari a tagar sama. Yau na sa rigar coci na zo in gan shi a babban allo. Sai ga taga baƙa ƙirin.

"Iya, tabo ne, mun goge," ka ce mini, har da murmushi. "Ai duhun ne kyan fim ɗin."

Tabon gidanku! Uwata ce ta leƙo tana kirana cin abinci. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba.

Ka mayar mini da ita tagarta, ko ka faɗa wa mutanen nan inda ka kai ta.