Kuncin Dama da Kuncin Hagu

Reza ta sake cin shi a gefen haɓa. Ya dangwale jinin da bakin hannun riga, ya leƙa ɗan madubin da ya jingina jikin randa, ya ja tsaki.

A ɗakin da ke bayanshi Umma tana kwance. Tun da idonta ya tafi, hannunta ne idonta. Duk wanda ya shiga gaishe ta sai ta shafa fuskarshi kafin ta amsa. To yanzu ta ɗaure baki. Fura ta ƙi, kunu ta ƙi, ta ce ba abin da zai wuce maƙoshinta sai ta shafa fuskar "mutumin Konni". Haka take kiran Lawwali, ɗanta na fari, direban babbar mota a ƙasar Nijar. Jikinta kuwa ya koma kamar karan dawa.

Fuskar Lawwali kowa a Illela ya san ta, sumul, ba gemu ba gashin baki, tun zamanin da ya yi wa Faransawa tuƙi. Umma ta sha yin faɗa, wai ɗan gidan malamai da haɓa kamar bayan ƙwarya. Amma da ita ta san shi. In ya shiga mata da wannan gemun, ba za ta yarda shi ne ba.

Ga wanzami can bakin kasuwa. Sai dai wanzami askarshi ɗaya, bakinshi goma, kafin azahar har Kalmalo an ji. Shi ya sa aka tura ƙyauren zaure.

Tsohuwar rezar daga akwatin Lawwali da aka sauke a motar Konni ta fito, duk kayan ciki warin fetur suke yi. Jan ƙarfe ce mai nauyi, mariƙinta ya sha hannu har ya yi santsi. Sai da ya yi ta juya ta kafin ya gane inda ake murɗewa. Bakin da ke ciki baƙi ne, damina ta fara cin shi da tsatsa. Almakashi ya rage gemun, sabulu ya yi kumfa, amma rezar fizga take yi ba yanka ba. Kuncin dama ya fita, da ƙaiƙayi, da tsaga nan da can.

Jamilatu, ƙanwarshi, ta shigo da sauri, abu a ƙulle bakin zane.

"Yaya, aje wagga tsohuwa kafin ta yanka ka kamar ragon layya. Ga wadda maigidana ya sawo wa rumfatai. Farin ƙarfe ce, ko cikin ruwa ta kwana ba ta tsatsa."

Ya karɓa. Ba nauyi, sai walƙiya. Irin ta ba su daɗe da shigowa gari ba, bayan an sauke tutar Turawa a bakin iyaka. Ya shafa kumfa a kuncin hagu, ya ja sau ɗaya. Ko ƙara bai ji ba. Fata ta fito fes, ta fi sauran fuskar haske, iska na taɓa ta yana jin sanyi.

Ya ajiye, ya miƙe, ya zaga randar, ya dawo ya tsuguna. Ya shafa dama, ya shafa hagu. Sabuwar ta fi, makaho ma ya san haka. To abin da ke damunshi ke nan. Yatsun Umma ba su taɓa gamuwa da aikin sabuwa ba. Wanne za su yarda da shi, kaushin da suka saba ko santsin da ya fi kyau?

"Mi kake jira?" in ji Jamilatu. Tana tattara gashin cikin ƙoƙo don ta binne, ba ta ko kallon shi. "Bi kan damar da sabuwa, su zama ɗaya."

"In kuma ta ce santsin ya yi yawa?"

"Sai ka ce ka yi arziki. Ka dai rage magana, ka bar ta ta yi."

Bai kai ga zaɓa ba. Tari ya sarƙe Umma a ɗaki, irin wanda ba ya son tsayawa. Jamilatu ta yar da ƙoƙon ta ruga. Shi ma ya watsa ruwa a fuska, ya ɗauki ƙwaryar fura ya bi ta, kunci ɗaya aikin tsohuwa, ɗaya aikin sabuwa.

Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya durƙusa bakin gado.

Hannun Umma ya taso, ya sauka a hagu. Ya zame, ya wuce, bai tsaya ba. Ya haye haɓa ya koma dama. Nan ya tsaya. Babban yatsa ya bi ƙaiƙayin a hankali, ya bi tsagar nan ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya sake bi.

"Wanga aikin na san shi," in ji Umma. "Ba ni furar."

Jamilatu ta tallabe ta. Umma ta sha, ta huta, ta ƙara sha har ƙwarya ta yi rabi. Jamilatu ta juya fuska bango tana hamdala.

Umma ta goge baki, ta sake miƙo hannu ta kama kuncin nan na dama, ba ta saki ba.

"Allah shi yi maka albarka, Dabo, ka ba da gemunka saboda ni," ta ce. "Amma rezar ga, yayanka ko mahaifinku bai taɓa ara wa ba. Gaya min, a ina kuka binne Lawwali?"