Yatsu Tamanin da Uku

Kwana tara Mastura ta yi tana bin gidajen Hausawan unguwar Khumra, can ƙasar Larabawa, da takarda da kwalbar tawada, har silifas ɗinta ya tsinke.

Abin da take nema ɗaya ne: a tsige Kawu Abdulghaffar daga shugabancin ƙungiyar unguwa. Shekara shida da zaɓensa, tsohon ko rajistar sunaye ya ƙi buɗewa, wai kansa ya ishe shi. Ga 'yan kame kuma sun san ƙofar da za su buga, sai ka ce a mafarki ake gaya musu. Watan jiya suka ɗauke ɗanta Hamad, aka jefa shi jirgin Kano. Saura 'yarta Turai, ita ma ba iƙama, wato takardar izinin zama, kamar uwarta.

Rafi'u, ƙanin mijinta marigayi, shi ya buɗe mata ido. Mutum ne mai zumunci, don ko ana gobe za a kama Hamad sai da ya zo gaishe su da ledar lemo.

"Tsohon nan ke sayar da ku," ya ce. "Dokar ƙungiya ta ce in mutum tamanin suka dangwala, a yi kiranye, halas. Marasa iƙama kaɗai za ki bi, su abin ya shafa. Lungunan nan ba lamba, ki rubuta kalar ƙofar kowa, kar a ce mun ƙirƙiro sunaye."

Mace ce, kuma mai ciwon ɗa, kowa ya buɗe mata. Da gidanta ta fara, don a ga ba ta tsoro.

Ranar Juma'a bayan sallah aka kaɗa ƙuri'a, Kawu ya sha ƙasa. Ya dubi takardar. "Na sauka. Amma don Allah ku ƙona wannan." Aka yi masa ihu. Mastura da kanta ta tofa masa yawu a jallabiya, ta ji sanyi har cikin ranta. Rafi'u ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Asabar da hantsi motocin 'yan kame suka shigo, ba su tambayi kowa hanya ba. Ƙofar Mastura aka fara bugawa. Aka fito da Turai da kumfar wanki a hannu. Ta tagar motar da aka jefa su ita da 'yar, Mastura ta ga ana bin lungun: koriyar ƙofa, sai shuɗiya, sai ta langa-langa, daidai yadda ƙafarta ta bi.

A kujerar gaba wani jami'i yana bin rubutun hannunta da biro, Rafi'u a gefensa yana fassara masa kalar ƙofofin da Larabci.