Awon Zuwaira

Kowace Laraba da hantsi Inna Gambo takan je ofishin awon sama da ke Funtua don ta ji labarin 'yarta Zuwaira. Shekara shida ke nan Zuwaira tana cikin kumbon da aka tura ya auno wani wuri can a sararin samaniya, mai fitar da irin hasken da asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. An ce a shekara ta goma za su dawo.

Ranar nan ma'aikacin ofishin, Malam Ɗanlami, da kansa ya jawo mata kujera.

"Inna, sabon awo ya iso. Abin ya fi yadda muka zata girma, kuma ya fi nisa."

"Ya fi nisa kamar yaya, ɗana?"

"Tafiyar ta ƙaru da shekara ashirin da biyu."

Inna Gambo ta yi lissafi a ranta. Bana ta cika shekara saba'in da huɗu.

"To, kada ku gaya mata tukuna," in ji ta. "Yarinyar nan in ranta ya ɓaci ba ta iya cin abinci."

Malam Ɗanlami ya sunkuyar da kai.

"Inna, ai ita ta yi awon. Sau uku ta maimaita shi kafin ta aiko mana."